The Family Man zango na biyu: an fi nuna ƙwarewa, amma me ya sa bai gamsar da ni ba?

Bakatsine ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon wanda bai kalli shirin nan ba ya dakata daga nan, domin ba zan iya yin tambayata ba sai na tona yadda labarin ya ƙare.

A makon jiya na kammala zango na biyu na The Family Man, shirin leƙen asiri na ƙasar Indiya da ake nunawa a Amazon Prime Video. Zango na farko ya fito a watan Satumba na 2019 da kashi 10, na biyu kuma ya biyo baya a watan Yuni na 2021 da kashi 9. Na makara wajen kallo, amma hakan ya ba ni damar haɗa su a jere ba tare da jiran kusan shekara biyu da wasu suka yi ba, kuma wataƙila shi ya sa giɓin da ke tsakaninsu ya fito mini fili.

Ba na musun cewa aikin ya yi kyau. Manoj Bajpayee, wanda ya fito a matsayin Srikant Tiwari, yana nan yadda na san shi: ma'aikacin sirri mai ƙaramin albashi, wanda yake shirga wa matarsa ƙarya da irin natsuwar da yake yi wa ɗan ta'adda tambayoyi. Na yi dariya ƙwarai a kashin farko, inda ya ajiye aikin hukumar TASC ya koma wani kamfanin kwamfuta don ya faranta wa iyalinsa, ya faɗa hannun wani yaron manaja da kullum yake yi masa huɗuba a kan ya daina aikin ganin dama. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin shugaban da bai kai ƙaninsa ba ya san abin da Srikant yake haɗiyewa, kuma ranar da haƙurinsa ya ƙare ya zabga wa yaron mari, na ji kamar ni aka rama wa.

Damuwata ita ce shirin ya ci bashi a zangon farko, ya zo na biyu ya ƙi biya. An rufe zangon farko iskar guba tana shirin tsiyayowa daga wata masana'antar sinadarai a Delhi, abokan aikin Srikant, Milind da Zoya, suna kwance cikin ruwan harsasai, abin da ke tuna wa kowa bala'in Bhopal na 1984. Na buɗe zango na biyu ina jiran in ga yadda aka tsira, sai aka sallame ni da 'yan mintuna: Delhi tana nan, Zoya tana kan keken guragu, Milind yana fama da ciwon damuwa. Na biyu, kuma wanda ya fi ci mini rai, shi ne maganar Kareem, ɗalibin da jami'ai suka kashe bisa kuskure sannan aka laƙaba masa ta'addanci don a rufa wa hukuma asiri. Wannan shi ne abu mafi nauyi da zangon farko ya ɗora a wuyan Srikant, amma an ɗan taɓa shi ne kawai aka wuce zuwa Chennai. Na uku shi ne abin da ya faru tsakanin Suchi, matar Srikant, da abokin aikinta Arvind a garin Lonavala, wanda aka yi ta ja mana rai a kansa har kashi 9, aka kuma rufe shirin daidai lokacin da ta buɗe baki za ta yi magana.

Tambayata ita ce: shin ni ne na cika son a warware mini komai, ko kuwa da gaske marubutan sun gudu daga tambayoyin da suka fi wuya suka fake da sabon labari? Kuma ina so wanda ya san tarihin yaƙin Sri Lanka ya gaya mini ko an yi wa Raji, 'yar tawayen Tamil ta cikin shirin, adalci, domin na ji tsoronta, na ji tausayinta, amma har aka gama ban ji na san ta ba.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Zan bar wa wasu maganar Lonavala, in tsaya a kan tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne nake ganin shirin ya yi ƙarfi kuma a nan ne ya yi rauni.

Shirin bai ambaci sunan LTTE, ƙungiyar 'yan tawayen Tamil ta Sri Lanka, ba ko sau ɗaya, amma babu ɗan Indiya ko ɗan Sri Lanka da zai kalla bai gane inda aka dosa ba. Yaƙin basasar Sri Lanka ya ɓarke a 1983, bayan tarzomar watan Yuli da aka karkashe Tamilawa a Colombo da wasu garuruwa, bai kuma ƙare ba sai a watan Mayu na 2009, lokacin da sojojin gwamnati suka murƙushe 'yan tawayen suka kashe shugabansu Prabhakaran. Tushen rikicin ya girmi haka, domin tun a 1956 aka yi dokar da ta mayar da Sinhala harshen hukuma shi kaɗai, abin da ya toshe wa Tamilawa da yawa hanyar aikin gwamnati. Wani kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayar da rahoto a 2011 cewa fararen hular da suka mutu a watannin ƙarshe na yaƙin za su iya kai 40,000. Daga cikin wannan toka Raji ta fito.

Makircin da aka gina zangon a kansa, wato shirin kashe Firaminista Basu a Chennai lokacin ganawarta da shugaban Sri Lanka, shi ma yana da inuwa a tarihi. Rajiv Gandhi, Firaministan Indiya na lokacin, ya sa hannu a yarjejeniya da shugaban Sri Lanka Jayewardene a 1987, ya tura sojojin Indiya su kiyaye zaman lafiya a arewacin tsibirin, sai suka ƙare da gwabza yaƙi da 'yan tawayen har zuwa 1990, sojoji sama da 1,000 suka mutu. A ranar 21 ga Mayu 1991 wata mace ta tayar da bam a jikinta ta kashe shi a Sriperumbudur, kusa da Chennai. Hatta ƙaramin jirgin saman da aka harhaɗa a ɓoye ba ƙirƙira ce tsantsa ba, domin 'yan tawayen sun mallaki ƙananan jirage, sun kai hari da su a sansanin sojin sama na Katunayake a watan Maris na 2007, sun kuma sake tura biyu Colombo a watan Fabrairu na 2009. Ta wannan fuska marubutan sun yi karatu.

Inda suka gaza shi ne mai kallon da bai san wannan tarihi ba ba zai same shi a cikin shirin ba. Abin da aka yi wa Raji da danginta ya zo ne a cikin jawabi guda, lokacin da take tsare ana yi mata tambayoyi, alhali kuwa an ɓata lokaci mai tsawo ana nuna mana yadda take karya wuya da yadda take daddatsa gawa. Idan ka nuna wa mutum ramuwar gayya dalla-dalla, ka taƙaita masa zaluncin da ya haife ta a cikin jimloli kaɗan, to ka riga ka gaya masa ɓangaren da zai tsaya. Shi ya sa ban yi mamaki ba da hayaniya ta tashi a jihar Tamil Nadu tun fitowar tallar shirin a watan Mayu na 2021, watan da Tamilawa suke juyayin mutanensu a ranar 18 ga wata. Ɗan siyasa Vaiko ya nemi a hana nuna shi, ministan jihar Mano Thangaraj kuma ya rubuta wa ministan watsa labarai na tarayya, Prakash Javadekar, da irin wannan buƙata. Ba na goyon bayan a hana shiri tun ba a gan shi ba, kuma bayan fitowarsa ƙurar ta lafa sosai, amma ƙorafin ba na banza ba ne.

Akwai kuma abu ɗaya da ya tsaya mini a wuya, wato ƙawancen da aka ƙulla tsakanin 'yan tawayen da Manjo Sameer na Pakistan da yaronsa Sajid. Wanda ya san cewa a watan Agusta na 1990 an kashe Musulmi sama da 100 suna salla a masallatan Kattankudy, kuma a watan Oktoba na shekarar 'yan tawayen suka kori Musulmin Jaffna daga gidajensu, zai sha wuya kafin ya haɗiye wannan haɗin. Shirin ya yi dabarar nuna cewa Sameer ne ya kitsa kisan Subbu don ya ingiza yayan Subbun, Bhaskaran, jagoran 'yan tawayen, to amma a ganina an jawo Pakistan ne kawai domin shirin leƙen asiri na Indiya ba ya jin ya cika sai da ita.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam Bakatsine, da Malam mai tarihi, na gode da wannan bayani, kuma na ƙaru ƙwarai da maganar Jaffna wadda ban taɓa ji ba. Sai dai ina da ja a kan batun Lonavala, kuma ina ganin a nan maza da yawa suka yi wa shirin gurguwar fahimta.

Kowa yana tambayar abin da ya faru a Lonavala kamar amsar ita ce za ta gyara ko ta rushe auren, alhali auren ya daɗe da tsagewa kafin Suchi ta taka ƙafarta can. Mace ce mai ilimi da ta shekara goma sha tana riƙe da gida ita kaɗai, mijinta yana fita ba ta san inda ya tafi ba, in ya dawo kuma ya kawo mata tatsuniya. Zango na biyu ya nuna abin da ban taɓa gani an nuna da kyau haka ba: Srikant ya bar aikin da yake so, yana dawowa gida da wuri, yana shiga kicin, amma duk da haka zaman bai yi daɗi ba, domin ya dawo da jikinsa ne ya bar ransa a TASC, kullum yana kiran abokin aikinsa JK a waya yana tambayar abin da ake ciki. Zamansu a gaban mai ba ma'aurata shawara ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, saboda na gane salon: ana tambayarsa abin da ke zuciyarsa, shi kuma yana mayar da komai wasa don kada a kai ga inda ke masa ciwo.

Wurin da ya fi taɓa ni a zangon gaba ɗaya ba wurin harbi ba ne. Bayan mutuwar Milind, Srikant ya kira matarsa a waya, ya kasa haɗa jimla, ya fashe da kuka. A karon farko ya zo mata ba da ƙarya ba, ita kuma ba ta san abin da za ta yi da gaskiyar ba tunda ba ta saba samunta daga gare shi ba. Wanda ya kalli wannan ya ce zango na biyu ya manta da iyali, ban san abin da yake nema ba.

Amma na yarda da kai rabi. Ɓoye sirrin a zangon farko hikima ce, ɓoye shi har ƙarshen na biyu kuma ya fara kama da dabarar 'yan kasuwa, irin ta masu shirye-shiryenmu masu dogon zango da suke yanke kashi daidai lokacin da aka ɗaga hannu za a yi mari. Illar da hakan ta yi ita ce an mayar da Suchi mai laifin da ake jiran ta amsa, kullum fuska a damalmale, maimakon mace mai nata ƙorafin. Priyamani, wadda ta fito a matsayin Suchi, ta iya wasa, ba a dai ba ta abin yi da yawa ba.

Game da Raji kuwa, ni shirunta bai dame ni ba. Yadda take sunkuyar da kai a masaƙar da take aiki, mai kula da ma'aikata yana matsa mata, wani kuma yana lalubarta a cikin bas, duk mace ta san wannan shirun, kuma lokacin da ta juyo ta nuna ainihinta sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da ya dame ni shi ne shafa wa Samantha, wadda ta fito a matsayin Raji, baƙin kwalli a fuska don ta yi duhu. Samantha haifaffiyar Chennai ce, tana jin Tamil, ba ta buƙatar fenti kafin ta zama Batamila. In kuwa lallai mai duhun fata ake so, jihar cike take da 'yan wasa masu duhun fata. Mu da muke ganin yadda man bilicin yake cin kasuwa a garuruwanmu, bai kamata wannan ya wuce mu ba tare da mun lura ba: idan za a nuna jaruma abar so sai a haskaka ta, idan za a nuna wadda wahala ta dafa sai a baƙanta ta.

Ɗan Zinder ya amsa:

Gaisuwa ga kowa. Hajiya Uwar Biyu ta faɗi abin da nake so in faɗa game da kiran wayar, saboda haka zan wuce zuwa inda nake ganin ba a yi wa zangon adalci a wannan zaure ba, wato aikin kyamara da harshe.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun saba da faɗan da ake yankawa gunduwa-gunduwa, jarumi ya doki mutum goma ba tare da gashinsa ya motsa ba. Ku koma ku sake kallon harin da aka kai ofishin 'yan sanda don a kuɓutar da Raji. An ɗauke shi ne a tsari mai kama da ɗauka guda ba yankewa, kyamara tana bin mutane daga ɗaki zuwa ɗaki, daga bene zuwa ƙasa, harsashi yana ƙarewa, jami'ai suna ruɗewa, ba wanda ya san ta inda za a ɓullo. Haka aka sake yi a artabun ƙarshe a filin da aka ɓoye jirgin. Irin wannan ɗauka tana bukatar a yi ta maimaita gwaji, domin kuskuren mutum ɗaya yana rushe aikin kowa. Raj da DK da suka ƙirƙiri shirin, tare da Suparn Varma da ya ba da umarni a wasu sassansa, sun cancanci yabo a nan.

Na biyu, sun bar Tamilawa suna magana da Tamil. Wani kaso mai yawa na zangon da harshen Tamil aka yi shi, mai kallo ɗan Mumbai ko Delhi dole ya karanta fassara a ƙasan allo kamar yadda mu muke yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a masana'antar da ta daɗe tana mayar da mutumin kudu abin dariya. Har ma sun juya abin a kan JK, wanda ya isa Chennai da ɗan guntun saninsa na kudu, Muthu, jami'in Chennai, yana gyara masa kuskure cikin gajiya. Wannan ne ma dalilin da nake ba wa duk mai niyyar kallo shawarar ya nemi na asali mai rubutu a ƙasa, domin idan aka juye muryoyin duka zuwa harshe ɗaya, rashin fahimtar juna da ke tsakanin jami'an Mumbai da na Chennai, wanda shi ne rabin armashin, sai ya ɓace. Chellam kuma, tsohon jami'in da yake ɓullowa daga inda ba a zata ba da amsar kowace tambaya, na san hanya ce mai sauƙi ta fitar da marubuci daga rami, amma na yafe musu saboda dariyar da ya ba ni.

Abin da ban yafe ba shi ne labarin Dhriti. Yaro Musulmi mai suna Salman ya ɓoye sunansa ya koma Kalyan don ya yaudari 'yar Srikant a sace ta. A Indiyar da ake yaɗa zargin cewa samarin Musulmi suna farautar 'yan matan Hindu da sunan soyayya, har wasu jihohi irin su Uttar Pradesh suka kafa dokoki a kan sauya addini ta hanyar aure tun daga 2020, saka wannan a shiri mai miliyoyin masu kallo zuba fetur ne a wuta. Zangon farko ya yi ƙoƙarin riƙe ma'auni, ya nuna yadda ake dukan Musulmi a kan naman shanu, ya nuna Kareem da aka zalunta, ya nuna jami'ai Musulmi masu kishin ƙasa. A zango na biyu wannan ma'aunin ya karkace.

Bakatsine ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Hajiya, na karɓi gyara a kan Suchi. Na koma na sake kallon kiran wayar a daren jiya, kuma gaskiyarki ce, hankalina ya tafi ga neman amsar Lonavala har na kasa ganin abin da ke gabana. Har yanzu dai ina nan a kan cewa rufe shirin da aka yi tana shirin magana wasa da hankali ne, musamman da aka bi shi nan take da tallar zango na gaba, inda aka nuno annobar korona da wani makirci da ya shafi Sin da arewa maso gabashin Indiya.

Maganar Ɗan Zinder ce ta haɗa mini abin da na kasa haɗawa da kaina. Ashe watsar da batun Kareem da shigo da Salman abu ɗaya ne. A zangon farko hukumar da Srikant yake yi wa aiki tana iya kashe marar laifi ta kuma yi ƙarya a kai, shi ma da hannunsa a ciki, kuma wannan ne ya bambanta shirin da sauran finafinan kishin ƙasa da muka saba gani. A na biyu an bar wa 'yan siyasa irin su Basu da mai ba ta shawara Sambit ɗan abin zargi, jami'an fagen daga kuma aka wanke su, har aka ƙare da ba su lambar yabo. Ban san ko jinkirin da aka yi wa zangon daga watan Fabrairu zuwa Yuni, bayan rikicin da shirin Tandav ya jawo wa Amazon a farkon 2021, ya taɓa abin da muka gani ba, kuma ba zan ɗora zargi a kan zato ba. Abin da na gani a allo dai shi ne shiri ya ƙara ƙwarewa ya rage ƙarfin hali.

Malam mai tarihi, ina da sauran tambaya a gare ka. Deepan, wanda ya zaɓi hanyar lallashi da neman amincewar ƙasashen Turai ya raba gari da Bhaskaran, shin yana da makamanci a cikin Tamilawan da ke gudun hijira bayan 2009, ko kuwa shi ma an ƙirƙire shi ne don labari ya tafi?

Malamin Tarihi ya amsa:

Yana da makamanci, Malam, ko da yake ba mutum ɗaya ba ne. Bayan faɗuwar 'yan tawayen, wasu daga cikin Tamilawan ƙetare sun kafa abin da suka kira gwamnatin Tamil Eelam ta ƙasa da ƙasa a 2010, ƙarƙashin wani lauya mazaunin Amurka, Visvanathan Rudrakumaran, suka ce sun ajiye makami za su bi hanyar siyasa da shari'a. Babu ƙasar da ta amince da su a matsayin gwamnati, kuma Sri Lanka ta saka su a jerin ƙungiyoyin da ta haramta a 2014. Mafi yawan ƙoƙarin irin waɗannan ƙungiyoyi ya koma Geneva ne, inda Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurori a kan Sri Lanka, ciki har da na watan Maris na 2021 da ya ba da izinin tattara hujjojin laifukan yaƙi, watanni kaɗan kafin fitowar wannan zango. Indiya ta ƙaurace wa wannan ƙuri'a.